Majalisar Malikussaif

Duk wanda ya bi cacar bakin da aka sha a jaridu kan adabin kasuwar Kano a shekarun 1990 zai ɗauka ba a buga komai a garin sai littattafan soyayya. Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa harkar wannan suna yana sukarta, su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu da Abdalla Uba Adamu suka shigo fage kowa da nasa ra'ayi, aka yi shekaru ana kai ruwa rana kan auren dole da tarbiyyar 'yan mata da ingancin Hausar marubuta. Duk tsawon lokacin nan akwai wata kanta a ƙuryar shagunan hayar littattafai da masu muhawarar ba su cika leƙawa ba. A nan ake jera littattafan da ba budurwa mai gyale ce a bangonsu ba, sai ƙato da takobi, ko aljani mai ƙaho, ko maciji mai kawuna. Mu littattafan yaƙi muke ce musu. Na yi shekaru ina ba da hayarsu a wani ɗan shago a cikin birni, daga bencin ƙofar shagon nan kuma na ga abin da zan faɗa.

Masu karatun iri biyu ne. Mai son soyayya, galibi matar aure ko budurwa, takan aiko ƙaninta da kuɗin haya da sunan littafi a 'yar takarda, ya karɓa ya juya. Mai son na yaƙi da ƙafarsa yake zuwa, in ya dawo da littafi kuma ba ya tafiya. Sai ya gyara zama ya jira wani da ya karanta, a ɗora musu. Akwai tela, akwai ɗan acaɓa, akwai ɗalibin sakandare, akwai gardin da ya koyi boko da girmansa. Ba ƙungiya aka kafa ba, ba shugaba, ba kuɗin rajista. Majalisa ce kawai daga bayan la'asar zuwa kiran magariba, wani lokaci a dawo bayan isha'i. A ganina wannan majalisa ce ta raya littattafan yaƙi, ita ce kuma daga baya ta yi musu illa.

Musun bai faro da mu ba. Dattawan da ke tsayawa su saurare mu sukan ce tun suna firamare ake gardama kan Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman na cikin Ruwan Bagaja, wa ya fi wani iya shege. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam ya fito ne daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933, tare da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara. Ganɗokin nan shi ne kakan duk sadaukan da suka biyo baya: ya fara da yaƙar Turawa a ƙasar da muka sani, sannan labari ya ɗauke shi ya kai shi cikin aljanu. Kafin su akwai Dare Dubu da Ɗaya da Frank Edgar ya fitar da Hausa a 1924, bayansu kuma Magana Jari Ce, wanda aka fara bugawa a 1937. Sai Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa a 1951, yaron da ya tashi gurgu, baƙi suka warkar da shi, ya zama garkuwar Sarki Waldima na birnin Kib. Musu na farko irin namu da na taɓa ji a kan Iliya ne da ƙato Wargaji na cikin labarin: da an bar su sun gwabza, wa zai kai wani ƙasa?

Yawancin masu wannan musu ba su damu da cewa Iliya ɗan Rasha ne ba, wato Ilya Muromets na tsofaffin waƙoƙin Rashawa, Waldima kuwa Vladimir ne, Kib kuma Kiyef. Ina kawo wannan ne saboda gorin da aka daɗe ana yi wa marubutan yaƙi na baya, wai kayan aro suke sayarwa. To ai gidan tun daga tushe da kayan aro aka gina shi. Imam da kansa ya faɗi cewa ya amfana da Maƙamatul Hariri wajen rubuta Ruwan Bagaja, masana kuma sun bi sawun labaran Magana Jari Ce har zuwa Alfu Laila da Kalila wa Dimna da tatsuniyoyin Jamus. Ba a taɓa rage masa daraja don haka ba. Abin dubawa shi ne me marubuci ya yi da abin da ya aro, kuma me masu karatu suka yi da shi bayan ya shigo hannunsu.

Daga nan sai abin ya yi sanyi, in ka ɗebe irin su Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo a 1969, wanda ya kai yaro sararin samaniya. Abubuwa biyu suka sake buɗe ƙofa. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya yaye dubban matasa da suka iya karanta boko, tsuke bakin aljihun 1986 kuma ya karya manyan kamfanonin ɗab'i, har marubuci ya koma kai rubutunsa ƙaramar maɗaba'a da kuɗinsa, ya ɗauki littattafan ya kai wa dillalai a kasuwa. Soyayya ce ta fara cin wannan kasuwa, na yaƙi suka biyo ta a baya.

Littafin da ya fi kowane tara mu shi ne Malikussaif Ibn Ziyazanun na Aliyu Abubakar Sharfaɗi. Asalinsa Siratu Saif bin Zi Yazan ce, doguwar hikayar Larabci da masu ba da labari suka riƙa karanta wa jama'a a wuraren shan gahawa na Masar da Sham, wadda masana ke cewa ta haɗu a Masar wajen ƙarni na 15 zuwa na 16. Irin waɗannan littattafai sun daɗe suna shigowa Kasuwar Kurmi daga maɗaba'un Alƙahira da Bairut, a cikin kaya ɗaya da littattafan fiƙihu da nahawu. Akwai malaman zaure da suka san ta, suka san hikayar Antar, amma abin ya tsaya a hannun mai Larabci. Da ta shigo Hausa, sai tela da ɗan acaɓa suka samu rabonsu.

Ga wanda bai karanta ba: Sarkin Habasha Saifu Ar'ad ya aika wa Sarki Zi Yazan wata kuyanga mai suna Ƙamariyya da guba a ɓoye. Ta haifa masa ɗa, sarkin ya rasu, ita kuma don kada mulki ya kuɓuce mata ta kai jinjirin daji ta yar. Barewa ta shayar da shi, maharbi ya tsince shi ya kai wa Sarki Afrah, aka raɗa masa Wahshul Fala; shi ne Malikussaif. Wata aljana ma ta shayar da shi, shi ya sa 'yarta Aƙisa ta zama 'yar'uwarsa ta nono. Ya girma ya nemi auren Shama 'yar Afrah, bokayen Habasha biyu, Saƙardis da Saƙardiyun, suka tashi haiƙan don hana auren, saboda sun san in tawadar Allah da ke kumatunsa ta haɗu da wadda ke kumatunta, mulkinsu ya zo ƙarshe. Sai aka riƙa yanka masa sadakin da ake zaton ba zai dawo da rai ba: kan barde Sa'adun, sannan Littafin Kogin Nilu.

Abin mamaki, ba kan Malikussaif aka fi yin musu ba. Shi kowa ya yarda jarumi ne, magana ta ƙare. Wuta tana tashi ne in an ambaci mutum uku.

Ta farko uwarsa. Ƙamariyya ba sau ɗaya ta nemi ransa ba. Ta sare shi da takobi ta bar shi a daji, ta sace allon da ake sarrafa aljani Airud da shi, ta riƙa sa a ɗauke shi a jefa shi ƙasashen da ba a komowa. Duk lokacin da ya dawo ya yi galaba, sai ta fashe da kuka ta ce ta tuba, shi kuma ya yafe, ya hana kowa taɓa ta. A nan majalisa take rabewa biyu. Wasu su ce wannan ba biyayya ba ce, wauta ce, mutumin da ke kashe maridai amma hawayen mace ɗaya ya mai da shi yaro, kuma duk yafewar da ya yi wasu bayin Allah ne ke biyan kuɗinta da rayukansu. Ɗaya ɓangaren su ce to me kuke so ya yi, ya sa wa uwarsa takobi? Ko kafira ce an ce a kyautata mata. Na ga manyan mutane masu iyali sun tashi tsaye a kan wannan magana, jijiyar wuya ta fito, kuma ka san ba Ƙamariyya kaɗai ke ransu ba. Akwai wanda uwarsa ta sa ya saki matar da yake so, akwai wanda ya tashi a hannun kishiyar uwa. Ba mai faɗin nasa, kowa sai ya fake da Malikussaif. Ni dai ina tare da masu cewa ya wuce gona da iri, amma na yarda mai hikayar ya san abin da yake yi, domin bai bar ɗan ya zubar da jinin uwarsa ba. Matan da ke kewaye da shi ne suka gama da ita, Aƙisa na kan gaba.

Na biyu Airud, ɗan sarkin aljanu amma bawan allo. Duk wanda allon ke hannunsa, in ya murza, dole Airud ya bayyana ya yi abin da aka ce, ko da jefar da ubangidan da yake ƙauna ne. Yana da laifi ko ba shi da shi? Na lura masu aiki a ƙarƙashin wani, yaran shago da masu jan babur ɗin da ba nasu ba, su suka fi kare shi. Sukan ce wanda bai taɓa cin abinci a hannun wani ba, ba zai gane Airud ba. Da labari ya kai inda ya nemi auren Aƙisa, ta raina shi don shi bawa ne, ta ce sai ya kawo mata kayan Bilƙisu daga taskar Annabi Sulaimanu, ya tafi aka kama shi ana gana masa azaba, sai da Malikussaif ya bi sawu, wallahi kamar ɗan unguwarmu aka kama. Kwanaki ba a yi wata hira ba.

Ta uku Aƙisa kanta, wadda a wurina ita ce ran littafin. Tana da baki, tana da fushi, ta sha rantsuwa ba za ta ƙara taimakon ɗan'uwanta ba saboda taurin kansa da kwaɗayin leƙa abin da aka hana shi, amma da ya shiga uku sai ga ta ta sauko ta sure shi. A kanta ne na gane mata ma suna cikin majalisar, ko da ba sa zama a benci. Littafi yakan dawo daga cikin gida da rubutun biro a gefen shafi ko a bangon baya: wata ta yaba wa Aƙisa, wata ta tsine wa Ƙamariyya, wata ta yi wa Malikussaif tatas kan aure-aurensa, daga Shama zuwa Ɗama zuwa Munyatun Nufus mai rigar gashin tsuntsu. Mai haya na gaba ya karanta ya ba da amsa a ƙasa. A ƙa'ida tara ya kamata in ci wanda ya ɓata littafi. Ban cika ci ba, don kwafin da aka yi wa rubutu ya fi saurin fita.

Akwai musu guda da ba a yin sa da dariya. Waɗanda suka karanta ta Larabcin ne suka kawo shi: hikayar an ɗora ta ne kan labarin nan da ke cewa Annabi Nuhu ya yi wa ɗansa Hamu baki, zuriyarsa ta zama baƙaƙe masu bauta wa zuriyar Samu, kuma Saif ne zai cika wannan addu'a. To duk wanda ke kan bencin nan baƙi ne. Wasu suka ce ba da mu ake ba, da Habashawan cikin labarin ake, masu bautar tauraron Zuhal. Wasu suka ce a daina yaudarar kai. Wani malamin makarantar Islamiyya da ke zama da mu shi ya warware mana: labarin ba ya cikin Alƙur'ani, Ibn Khaldun ya ƙaryata shi a Muƙaddima, Ahmad Baba na Tumbuktu ma ya yi watsi da shi a amsar da ya rubuta kan bauta a farkon ƙarni na 17. Daga ranar sai son Sa'adun ya ƙaru a majalisa. Shi ne baƙin barden da aka aika a yanko kansa, suka gwabza da Saif, suka ga ƙarfin juna, ya ce to ga kan nan zai kai shi da kansa yana bisa wuyansa, ya kuma zama amininsa har ƙarshe.

Shi dai malamin nan ne ya nuna mana inda tarihi ya tsaya, inda ƙirƙira ta fara. Saif na gaskiya basaraken Himyar ne a Yaman a ƙarni na 6, wanda ya nemo taimakon Farisa aka kori Habashawa bayan zamanin Abrahata, kuma littattafan tarihin Musulunci sun kawo cewa Abdulmuɗɗalib ya je yi masa murna. Saifu Ar'ad kuwa sunan wani sarkin Habasha ne da ya yi mulki daga 1344 zuwa 1372, kusan shekara ɗari takwas bayan Saif. Masu hikayar sun haɗa su a zamani ɗaya ne saboda abin da ke damun Masar a lokacinsu, wato tsoron kada Habasha ta tare musu Nilu. Shi ya sa babban aikin jarumin a ƙarshe shi ne jawo kogin zuwa Masar, har aka sa wa ɗansa suna Misra. Da Habasha ta fara gina babbar madatsar ruwanta a 2011, Masar ta tayar da jijiyar wuya, tsofaffin 'yan majalisa ba su yi mamaki ba.

Kasuwa ta ga ana so, marubuta suka shigo da nasu ƙirƙirarrun. Abdul'aziz Sani Madakin Gini ya fi kowa yawan littattafai da yawan mabiya, Kundin Tsatsuba da Mazan Jiya sun sha hannu a shagona har bangonsu ya zama sai da salatif. Nazir Adam Salih, mai Kibiyar Ajali, ya bi wata hanyar daban, ya fi kula da gina jimla da saƙa labari. A nan ne majalisa ta fara shiga cikin rubutun kanta. Littattafan sirara ne, ana fitar da su kashi-kashi, a yanke labari daidai inda takobi ya ɗaga. A bayan littafi akwai adireshin marubuci, bayan zuwan wayar salula a 2001 kuma sai lambarsa. Mai karatu ya gama na ɗaya, ya kira ya faɗi abin da yake so a na biyu, marubuci kuma yana ji, domin kuɗin buga na biyun daga cinikin na ɗaya zai fito.

Me muke nema? Mafi yawanmu tambaya ɗaya muke yi: wa ya fi ƙarfi? Wannan sadaukin da wancan, wannan bokan da wancan ifritun. Musu ne mai daɗi, mai sauƙi, yaro ma zai iya shiga. Marubuta da dama suka ba mu abin da muka roƙa. Aljanin bana ya ninka na bara tsawo, rundunar da a da ake ƙirga ta da dubbai ta koma miliyoyi, boka ya shekara dubu kaza a kogo yana haɗa tsafi ɗaya. Aka samu wani zubi da kusan kowa ke bi: boka ya duba madubin tsafi ya ga abin da zai faru, a tafi neman wasu kayan sihiri a dazuzzuka masu haɗari, a yi ta gumurzu, can sai wani saurayi Musulmi ya ɓullo ya rusa komai da ambaton Allah, gari ya musulunta. Wannan ƙarshen yana da amfaninsa, shi ne garkuwar marubuci in an ce yana tallata tsafi. Lokacin da aka ƙona littattafan Hausa a Kano a 2007, hukumar tace finafinai kuma ta matsa wa marubuta, soyayya aka fi sa wa ido. Amma zubin ya cinye halayya. Jarumin da ba ya kuskure, ba ya kwaɗayi, ba ya jin tsoron uwarsa, ba abin da za a ce a kansa sai adadin waɗanda ya kashe. Ban taɓa ganin an yi rubutun biro a gefen shafi saboda irin wannan jarumi ba. Laifin kuwa ba na marubuta kaɗai ba ne, mu muka yi ta kiran waya.

Duk da haka ba zan yarda a raina su ba. Na san samari da yawa da ba don waɗannan littattafai ba da karatunsu ya tsaya a allon talla. A cikinsu yaron birni ya fara gamuwa da sulke da lifidi da kwalkwali da kansakali, kalmomin da in ba a hawan salla ba ba zai ji su ba.

Abin da ya kashe shagunan haya sananne ne. Takarda ta yi tsada, waya ta yi arha, finafinan Indiya da na Turkiyya da aka fassara da Hausa suka ɗauke samarin, shaguna da yawa suka koma cajin waya da tura finafinai. Littattafan kuma aka riƙa kwafe su ana yaɗawa a Facebook da WhatsApp, marubuci ko sisi. Majalisar ba ta mutu ba, ta koma cikin waya, ta ma faɗaɗa: matan da a da sai ta gefen shafi ake jin su yanzu da bakinsu suke magana, ga na Maraɗi da Damagaram, ga na zangon Kumasi. Musun Ƙamariyya yana nan yadda muka bar shi.

Sabuwar gardamar ita ce tsakanin tsofaffin masu karatu da yaran da suka san labarin ta kunne, daga masu karanta littattafai a YouTube da rediyo. Tsofaffin suna cewa wanda bai riƙe littafi ba bai isa ya sa baki ba. Ban bi su a nan ba, domin hikayar tun asalinta ta kunne aka san ta, a bakin mai ba da labari, kafin maɗaba'a ta taɓa ta. Ƙorafina biyu ne. Wasu masu karantawar ba sa ambaton sunan marubuci, balle su ba shi wani abu. Wasu kuma, don kada mai sauraro ya gaji ya tsallake, suna datse wuraren da babu faɗa, irin doguwar sa-in-sar Aƙisa da ɗan'uwanta ko kukan tuban Ƙamariyya, su ruga zuwa filin daga. Yaron da ya saurari irin wannan zai iya lissafa maka duk aljanun da Malikussaif ya kashe, amma in ka tambaye shi ko ya dace da ya yafe wa uwarsa, sai ya ce shi bai ji wurin ba.